Rabon Titi: Yadda Keke Ke Samun Hanya a Tsakiyar Birni

Duk birnin da ya tsufa yana da matsalar da kuɗi kaɗai ba sa magance ta, wato faɗin titunan tsakiyarsa. Kasuwa tana nan inda kakanni suka kafa ta, wurin ibada yana nan, gidajen gado da shaguna sun tokare titi hagu da dama. Jama'a kuwa kullum ƙaruwa suke yi, kuma kowa can ya nufa da safe, daga can zai fito da yamma. Tunda ba a iya matsar da gine-gine sai da rusau, abin da ya rage wa masu tsara birane shi ne su zauna su raba 'yar tazarar da ke tsakanin bango da bango.

Injiniyoyin sufuri suna da wani lissafi da suka daɗe suna aiki da shi. Layi ɗaya na titi mai faɗin mita uku da rabi yana wucewa da mutum kusan 2,000 a awa ɗaya idan a ƙananan motoci suke. Idan aka bar wa masu keke wannan layin, yana ɗaukar kusan mutum 14,000. Filin da mota ɗaya take wuni a kai a bakin titi kuwa yana isar kekuna wajen goma. Wannan lissafin ne ya sa manyan birane masu arziki, waɗanda mazaunansu ba su rasa kuɗin sayen mota ba, suka juyo suna neman keke. Cunkoso ne ya tilasta musu, ga hayaƙi, ga yawan rayukan da ake rasawa a kan titi.

Birane da yawa sun gwada, amma kaɗan ne suka dace. Idan aka jera labaransu aka duba, abin da ya raba masu nasara da sauran a bayyane yake. Masu nasara sun gina hanyoyin da suka haɗu da juna daga ƙofar gida har zuwa inda mutum za shi, sun kare su da abin da mota ba za ta iya takawa ba, sun kuma yarda sun karɓi fili daga hannun mota. Sauran sun nemi samun sakamakon ba tare da sun biya wannan farashin ba.

Wa ake gina wa hanyar?

Kafin a zuba siminti, dole a san wanda ake so ya hau. Wani jami'in kula da harkar keke a birnin Portland na Amurka, Roger Geller, ya kasa mutanen birni gida huɗu. Akwai 'yan ƙalilan, ba su kai kashi 1 cikin 100 ba, da za su kutsa cikin manyan motoci ko da hanya ko babu. Akwai wasu kamar kashi 7 da layin fenti ya ishe su. Akwai kusan kashi ɗaya cikin uku da ba za su hau keke ba ko me aka yi. Ragowar, wajen kashi 60 cikin 100, suna da sha'awa amma tsoro ya hana su. Binciken da aka yi daga baya a wasu biranen Amurka ya samu adadi mai kama da wannan.

Waɗannan masu rinjaye su ne ake gina wa hanya: ɗalibin da iyayensa ke fargabar sakinsa, dattijon da gwiwarsa ba ta iya tsere da bas, ma'aikaciyar da ke ɗauke da jaka da cefane. Shi ya sa masana ke cewa idan kana son sanin lafiyar hanyoyin keke na gari, kada ka tsaya a ƙirga kekuna, duba su waye a kai. A Holan mata sun ɗan fi maza yawan tafiye-tafiye a keke, yara suna zuwa makaranta da kansu, tsofaffi suna zuwa kasuwa. A Landan da yawancin biranen Amurka kuwa maza ne suka fi yawa nesa ba kusa ba. Inda duk ka ga samari majiya ƙarfi kaɗai a kan keke, hanyar ba ta yi ba tukuna.

Sai hanya ta haɗe

Hanyar keke kamar igiyar guga take: idan ta gaza da kamu ɗaya, ba za ta ɗebo ruwa ba komai kyan saƙarta. Mai keke yana auna tafiyarsa da wurin da ya fi ba shi tsoro. Ko da kilomita huɗu na hanyarsa lafiya lau suke, idan akwai shataletale ɗaya da zai shiga tsakanin tirela da tifa, wannan wuri ɗaya ya isa ya sa shi ajiye keken. Wannan ne dalilin da ya sa birnin da ya gina guntu nan, guntu can, yakan wayi gari ya ga hanyoyinsa fayau, sai masu adawa su ce ai dama mutane ba sa so.

Birnin Sevilla, tsohon garin Andalus da ke kudancin Sifaniya, ya nuna abin da ke faruwa idan aka yi akasin haka. A farkon shekarun 2000 tafiye-tafiyen da ake yi da keke a birnin ba su kai kashi 1 cikin 100 ba. Ba su da al'adar hawan keke irin ta mutanen arewacin Turai, ga shi zafin bazararsu yakan haura digiri 40. A 2006 hukumar birnin ta fara aiki, kuma maimakon ta gwada titi ɗaya ta jira shekaru, sai ta zana dukkan hanyoyin a taswira ɗaya ta gina su gaba ɗaya. Kafin ƙarshen 2007 an kammala kusan kilomita 80, zuwa 2010 sun kai 120.

Tsarin bai da wani ƙawa. Hanya ce mai zuwa da dawowa a gefe ɗaya na titi, faɗinta wajen mita biyu da rabi, an shafe ta da koren launi iri ɗaya ko'ina don kowa ya gane ta, an raba ta da motoci da dakali ko shinge. Ta bi manyan titunan da jama'a suka saba bi, ba a kai ta lunguna ba. Yawancin filin daga wuraren ajiye motoci na bakin titi aka ɗebo shi, kuma an sha surutu a kan haka. A 2007 aka ƙara da kekunan haya na Sevici, waɗanda mutum zai ɗauka a wata tasha ya ajiye a wata.

Cikin 'yan shekaru tafiye-tafiyen keke suka kai kusan 70,000 a ranar aiki, wato wajen kashi 6 cikin 100 na zirga-zirgar birnin, haɗarin da mai keke ke fuskanta a kowace tafiya kuma ya ragu. Kuɗin da aka kashe a kan dukkan hanyoyin bai kai kashi 10 cikin 100 na abin da layin jirgin ƙarƙashin ƙasa ɗaya na birnin, mai kilomita 18, ya ci ba. Sai dai bayan 2011 ƙaruwar ta tsaya. Hukuma ta sassauta, ga ƙarancin wurin ajiya mai tsaro, ga satar kekuna. Sevilla ta nuna cewa ana iya sauya gari cikin shekara biyu, ta kuma nuna cewa aikin ba ya ci gaba da kansa idan aka janye hannu.

Fenti ba ya tare tirela

Hanya mafi araha ga kowace hukuma ita ce ta ja layi a gefen titi, ta zana hoton keke, ta kira 'yan jarida. Landan ta bi wannan hanyar a 2010, lokacin da ta buɗe manyan hanyoyin keke da aka shafe da shuɗin fenti. Launin ya ja mutane suka fito, amma babu abin da ya raba su da bas da manyan motoci. An rasa rayuka a shataletalen Bow da ke gabashin birnin a 2011. A watan Nuwamba na 2013 masu keke shida suka mutu a titunan Landan cikin mako biyu, yawancinsu a karo da bas ko babbar mota.

Yadda irin wannan haɗari yake faruwa sananne ne. Direban babbar mota yana zaune can sama, akwai wani yanki a gefensa da madubi ba ya nuna masa sosai. Layin fenti yana kai mai keke daidai cikin wannan yanki, ya kuma ba shi tabbacin cewa a wurinsa yake. Da direba ya karya kan mota zai shiga kwana, sai ƙafafun baya su bi ta kan wanda bai ma san yana wurin ba. Fentin da ba shi da kariya yana iya zama mafi muni daga rashinsa, domin yana yi wa mutum alkawarin da ba zai cika ba.

Zanga-zangar masu keke da fushin jama'a suka sa aka sake lale. A 2016 aka buɗe hanyoyin da aka raba da dakali, ciki har da wadda ta bi gaɓar kogin Thames ta tsakiyar birni, kuma layin mota aka ɗauke aka ba ta. Daga baya aka kafa doka a kan manyan motocin da direbansu ba ya iya ganin gefensa sosai. A ƙidayar da hukumar tsohuwar unguwar bankuna ta Landan ta fitar a 2023, keke ne abin hawan da ya fi yawa a titunanta a lokutan cunkoson safe da yamma.

Mararraba ce ke yanke hukunci

Miƙaƙƙen titi ba shi da wahalar tsarawa. A mararraba ne hanyoyin mutane ke giftawa, kuma a nan ne mafi yawan munanan haɗurran masu keke a cikin gari suke aukuwa. Abin takaici, a nan ne hukumomi da yawa suke ɗauke dakalin, su bar mai keke ya yi ta kansa, domin ba sa son rage wa motoci layin juyawa.

Mutanen Holan sun warware wannan da 'yan dabaru masu sauƙin fahimta. Suna gina ɗan tsibirin siminti a kowace kusurwa, wanda ke tilasta wa mota ta rage gudu kafin ta shiga kwana. Suna ja da mashigar keke baya kamar tsawon mota ɗaya, yadda direban da ya juyo zai ga mai keke a gabansa ƙuru-ƙuru, ba sai ya waiwaya ba, kuma yana da filin taka birki. A manyan mararraba suna ba keke danjarsa daban, ta yadda lokacin wucewarsa ba zai haɗu da na motar da ke juyawa ba. Shataletalensu na cikin gari ƙarami ne, mai layi ɗaya, hanyar keke ta kewaye shi daga waje.

Bayan tsaro akwai batun ƙarfin jiki. Mai mota ƙafa kawai yake ɗorawa a totur, mai keke kuwa duk tsayawa da tashi daga cinyarsa yake biya. Idan hanyar da aka ware masa ta cika zagaye da tsaye-tsaye, zai bar ta ya koma cikin motoci. Copenhagen, babban birnin Danmak, ta daidaita danjojin wasu manyan titunanta yadda mai tafiya a kan kilomita 20 a awa zai yi ta samun kore bi da bi. Ta gina gadoji na keke da masu ƙafa a kan ruwan da ya ratsa birnin, ciki har da wata doguwar gada mai lanƙwasa da aka buɗe a 2014. A kan gadar Sarauniya Louise kaɗai masu keke wajen 40,000 ne ke wucewa a rana. Duk lokacin da hukumar birnin ta tambayi mutane dalilin hawansu, amsar da ta fi yawa ita ce keke ya fi sauri ya fi sauƙi. Kishin muhalli a baya yake zuwa.

Idan titi ya yi ƙunci

A tsohon gari akwai titunan da ko an so ba za su ɗauki hanyar keke daban ba. A nan dabarar takan juya: maimakon a ware wa keke wuri, sai a rage motocin da kansu. Da yawa daga cikin motocin da ke cushe tsakiyar birni ba can za su ba, ratsawa suke yi don yanke hanya.

Birnin Groningen na arewacin Holan ya gane haka tun 1977. Ya raba tsakiyarsa yanki huɗu, ya ce mota tana iya shiga kowane yanki, amma ba za ta tsallaka daga wannan zuwa wancan kai tsaye ba, sai ta fita titin da ya kewaye gari ta zagayo. Mai keke da mai ƙafa kuwa su ratsa yadda suke so. 'Yan kasuwa sun yi ta kururuwar cewa an kashe su. Yau Groningen tana cikin garuruwan da suka fi kowa hawan keke a duniya, kasuwarta kuma tana ci. Birnin Ghent na Beljiyam ya ɗauki irin wannan tsari a 2017, hawan keke ya ƙaru, haɗurra a tsakiyar gari suka ragu.

Abokin wannan dabara shi ne rage gudu. Mutumin da mota ta buge tana kan kilomita 30 a awa, galibi yakan rayu, wajen tara cikin goma. Da gudun ya kai 50, damar tsira sai ta faɗi ƙwarai. Don haka ƙa'idar Holan ita ce: inda mota da keke za su cakuɗa, gudu kada ya wuce 30, motocin kuma su kasance kaɗan, inda gudu ko yawan motoci ya wuce haka, dole a raba su. Ba allon gargaɗi ne ke rage gudun ba, ginin titin ne, da ƙuntata shi da tudun rage gudu da shimfiɗar bulo.

Kada a ɗauka mutanen Holan da haka aka haife su. Bayan yaƙin duniya na biyu su ma sun bi mota, sun rushe unguwanni don faɗaɗa tituna, hawan keke ya yi ta raguwa. A 1971 mutum fiye da 3,000 suka mutu a titunan ƙasar, sama da 400 daga ciki yara ne. Iyaye suka fito zanga-zangar neman a daina kashe musu 'ya'ya. Sai ga matsalar man fetur ta 1973, har gwamnati ta hana tuƙa mota ranakun Lahadi na wani lokaci. Daga nan aka fara sauya akala, kuma an shafe shekaru ana yi. Yau ƙasar tana da hanyoyin keke wajen kilomita 35,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tafiye-tafiyen jama'arta a keke ake yi.

Paris ce ta nuna kwanan nan cewa babban birni mai cunkoso ma yana iya juyawa. A ƙarƙashin magajiyar gari Anne Hidalgo, wadda ta hau a 2014, an yi amfani da lokacin annobar korona a 2020 aka shimfiɗa hanyoyin wucin gadi wajen kilomita 50, aka hana yawancin motocin kashin kai bin titin Rivoli da ya ratsa zuciyar birnin, daga baya aka mayar da hanyoyin na dindindin. A 2021 aka mayar da iyakar gudu kilomita 30 a mafi yawan titunan. Wani bincike da aka fitar a 2024 ya nuna cewa a cikin birnin, kashi 11 cikin 100 na tafiye-tafiye a keke ake yi, na mota kuwa kashi 4.

Ƙorafin da ya cancanci amsa

Babu inda aka yi wannan aiki ba a yi rigima ba, kuma ba duk masu ƙorafi ne ke kan kuskure ba. Mai shago yana tsoron idan aka ɗauke wurin ajiye mota a ƙofarsa ciniki zai gudu. Bincike a birane da dama ya nuna cewa 'yan kasuwa sukan zarce wajen ƙiyasta yawan masu zuwa musu a mota. A wani da aka yi a titunan kasuwa biyu na Berlin, masu shaguna sun zaci fiye da kashi 20 cikin 100 na abokan cinikinsu a mota suke zuwa, alhali ba su wuce kashi 7 ba. Duk da haka mai sayar da firji ko katako buƙatarsa daban ce da ta mai sayar da burodi. Tilas a ware wurin sauke kaya da lokacinsa, a bar wa naƙasassu da marasa lafiya wurin tsayawa kusa, a tabbatar motar asibiti da ta kashe gobara suna da mashiga. Tsarin da ya manta da waɗannan yana tara wa kansa abokan gaba, kuma suna iya rinjaye. A 2024 gwamnatin lardin Ontario ta Kanada ta yi dokar da za ta ba ta damar cire hanyoyin keke daga wasu manyan titunan Toronto, maganar har ta kai kotu.

Masu tafiya a ƙafa ma suna da hakki, kuma su ne suka fi kowa yawa a tsakiyar kowane birni. Hanyar keken da aka yanko daga wurin tafiyarsu ta ɗauki rigima daga mai ƙarfi ta ɗora wa mara ƙarfi. Tashar bas tana buƙatar tsari don kada fasinja ya sauko cikin kekuna. Masu keken da ke tsallake danja ko su bi ta kan mutane dole hukunci ya hau kansu kamar kowa. Akwai kuma batun babura: Amsterdam ta ga ƙananan babura sun addabi hanyoyin kekenta da gudu, a 2019 ta mayar da su cikin motoci a yawancin titunan tsakiyar birni.

Sannan tafiya ba ta ƙare ba sai an sami inda za a jingine keke a dawo a tarar da shi. Tashar jirgin ƙasa ta Utrecht tana da wurin ajiya mai ɗaukar kekuna 12,500. Amsterdam ta buɗe wani a 2023 a ƙarƙashin ruwa, gaban babbar tasharta, mai ɗaukar kusan 7,000. Manufar ita ce keke ya kai mutum tasha, jirgi ko bas ya ɗauke shi zuwa nesa, domin keke ya fi amfani a tafiyar da ba ta wuce kilomita biyar zuwa bakwai ba.

Garuruwan da keke bai taɓa barinsu ba

Turai ta yi fama ne don dawo da abin da ta yar. Wasu ƙasashen kuwa suna da shi a hannu suka sake shi. A shekarun 1980 fiye da rabin zirga-zirgar Beijin a keke ake yi. Da arziki ya zo, aka ba mota fifiko, aka cinye layukan keke, cikin shekara talatin rabon keke ya faɗo ƙasa da kashi 20 cikin 100, birnin ya shaƙe da cunkoso da hayaƙi. Yanzu hukumomin Sin suna kashe kuɗi don dawo da shi. Bogota ta Kolombiya ta bi wata hanyar. Tun 1974 take rufe manyan tituna ga motoci ranar Lahadi, sannan a zamanin magajin gari Enrique Peñalosa, daga 1998, ta gina ɗaruruwan kilomitoci na hanyoyin keke da suka shiga har unguwannin talakawa. Hujjarsa ita ce mai keke mai araha da mai mota mai tsada darajarsu ɗaya a gaban hukuma.

Wannan hujjar ta shafe mu kai tsaye. Kano da Katsina da Zariya da Maiduguri da Maraɗi garuruwa ne shimfiɗaɗɗu, ba su da tuddan da za su wahalar da mai keke. Akwai zamanin da keken Rali yake abin alfaharin malamin makaranta da ma'aikacin gwamnati. Har yau masu faci da masu gyaran keke suna nan a unguwanni, ɗalibai da leburori da masu kai kaya kasuwa suna hawa. A Maiduguri keke ya yawaita bayan hana babura a 2011. Kano ta hana acaɓa a 2013. Bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, da kuɗin mota ya ninka, mutane da dama sun kakkaɓe tsofaffin kekunansu. Masu hawa suna nan, titin ne bai san da zamansu ba.

Kira kaɗai ba ya isa. A 2001 ministan sufuri na Nijeriya, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran jama'a su rungumi keke, yana hawa da kansa zuwa aiki a Abuja, har ranar da bas ta ture shi ya faɗa rami. Shawararsa tana da kyau, amma titin da ya hau ba a gina shi don keke ba. Gadojin sama da muke ta ginawa suna sauƙaƙa wa mota ratsa gari da gudu, mai keke kuwa su bar shi da zaɓi biyu: ko ya hau tudu cikin manyan motoci, ko ya kutsa ƙasan gada inda kowa ke juyawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a kan tituna duk shekara, fiye da rabinsu masu ƙafa ne da masu keke da masu babur, kuma Afirka ce ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a.

Ba za a kwafo Amsterdam a dasa a Kantin Kwari ba. Gefen titinmu, inda hanyar keke za ta bi, wurin neman abincin 'yan tebur ne da masu talla, wurin tsayawar a-daidaita-sahu ne, nan yashi ke taruwa, nan lambatu yake a buɗe. Hanyar da aka ware da fenti kawai, kafin mako ya zagayo ta zama wurin kasa tumatir ko layin ɗaukar fasinja, kuma ba laifin mai tumatir ba ne idan ba a tanadar masa wani wuri ba. Don haka dakali mai tsayi wajibi ne, da rufe magudanar ruwa, da shara a kai a kai, da zama da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin direbobi tun kafin a zana taswira. Zafin rana kuma yana neman inuwa, saboda haka jeren darbejiya a gefen hanya wani ɓangare ne na aikin, daidai da kwalta. Ba sai an je Turai neman misali ba. Wagadugu ta daɗe da ware wa masu ƙafa biyu layinsu a wasu manyan titunanta, Tamale ta arewacin Gana tana da hanyoyin keke a gefen manyan tituna, Adis Ababa kuma ta sa su cikin sabbin titunan da take ginawa.

Matakin farko ba ya cin kuɗi mai yawa: a tsaya a ƙofofin gari da hanyoyin kasuwa da na makarantu a ƙirga masu keke, a ga daga ina suke fitowa, ina suka nufa, a wace mararraba ake yawan buge su. Daga nan a zaɓi hanyoyi uku ko huɗu da za su haɗa manyan unguwanni da kasuwa da tasha, a gina su har ƙarshe, da mararrabarsu, kafin a taɓa wani wuri. Lokacin da ya fi araha kuwa shi ne sa'ad da za a sake shimfiɗa titi ko faɗaɗa shi, domin a lokacin ƙarin dakali da mita biyu na fili ɗan kaɗan ne a cikin kuɗin kwangila. Kowace shekara gwamnatocin jihohi suna ba da irin waɗannan kwangiloli, kuma titin da aka zuba yau zai yi shekara ashirin ko fiye yana yanke wa jama'a yadda za su yi tafiya. Ya kamata 'yan majalisa da injiniyoyi da masu unguwanni su riƙa neman ganin zanen kafin a sa hannu, su tambayi inda yaro ɗan makaranta zai bi da kekensa. Idan zanen bai da amsa, a mayar da shi a gyara.